A Miƙa wa Na'ura, a Biya Gaban Malam

Wani dare cikin tsananin bazara, an ɗauke wuta tun la'asar, ina kishingiɗe a tsakar gida ina fifita, sai ga ɗan ƙanwata, wanda yake hannuna tun da Allah ya ba shi gurbin karatun ilimin kwamfuta a jami'a, ya fito daga ɗakinsa a gigice, kwamfuta a buɗe bisa tafin hannu kamar mai ɗauke da akushin baƙo, ya durƙusa ya ce, "Kawu, don Allah ku ara mini wayarku, data ta ƙare mini, saura minti goma sha biyu a rufe." Ban tsaya bahasi ba na miƙa masa, domin duk wanda ya ga gumin da ke tsiyaya daga goshinsa ya san ba lokacin tambaya ba ne. Ya haɗa wayar da kwamfutar, ya danna abin da zai danna, ɗan zoben nan ya yi ta kewayawa kamar akuya a turke, batir kuwa ya riga ya yi ja, har sai da ya rage minti biyu sha biyun dare ta cika, sa'an nan aikin ya wuce. Kafin ya sauke numfashi, na'urar da ke can ɗaya gefen ta duba, ta mayar masa da layi goma, kowanne da koriyar alama. Ya ce, "Goma bisa goma, Kawu," ya koma ɗaki ya yi barcin wanda ya sauke farali.

Kashegari da hantsi, da wuta ta dawo, na ce ya kawo jingar mu gani, gama ni ma a ƙuruciyata na ɗan taɓa wannan fanni kafin aikin ofis ya janye ni. Abin da aka ɗora musu shi ne su rubuta manhaja mai karanta sunayen ɗalibai da makinsu, ta jera su daga na sama zuwa na ƙasa. Ya yi mini bayanin farkonta daidai, ya yi na ƙarshenta daidai, amma da muka zo tsakiya, inda wani ɗan sashe yake raba jerin gida biyu kana ya sake kiran kansa a kan kowane rabi, sai na ɗora yatsa na ce masa, "To, wannan da yake kiran kansa da kansa, mene ne zai tsai da shi, ko haka zai yi ta yi har tashin ƙiyama?" Ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya, daga bisani ya ce a hankali, "Wannan wurin, Kawu, a zauren ajinmu na WhatsApp aka turo shi, kowa shi ya sa."

Ban yi masa faɗa ba, kuma ba don in tozarta shi na kawo labarinsa ba, domin yaron kirki ne, gaskiyar da ya faɗa ma shaida ce a kan haka. Na kawo shi ne saboda ya tabbatar mini da wani ra'ayi da na daɗe ina juyawa, wato cewa jingar manhaja tana da hakki biyu a wuyan malami, kuma wanda ya sauke ɗaya ya bar ɗaya bai sauke amana ba: wajibi ne a kunna ta a ga tana aiki, wajibi ne kuma a zaunar da wanda ya ce shi ya rubuta ta, a ji daga bakinsa.

Hakki na farko ba ya bukatar dogon jawabi, ko da yake har gobe akwai masu tauye shi. A sashen da yaron nan yake, kamar yadda ya ba ni labari, malami guda ne yake karɓar aiki ta na'ura. Wani kuwa cewa yake a buga manhajar a takarda, a sa mata bango mai ɗauke da suna da lambar shaidar ɗalibi, a ɗinke, a ba wakilin aji ya tara ya kai ofis. Ina roƙon afuwar malaman da ke kan wannan tafarki, amma wannan cinikin biri a sama ne. Manhaja ba insha'i ba ce da za a karanta a ji daɗin lafazinta. Umarni ne ga na'ura, wadda ba ta san kawaici ba, ta yadda a harsuna irin su C da Java waƙafi guda mai ɗigo in ya faɗi daga ƙarshen layi, abin duka ya ƙi tashi, alhali kuwa idon mutum, ko da na gwani ne, in ya bi takarda ɗari uku a dare ɗaya, zai wuce irin wannan sau talatin bai gani ba. Ɗalibin da ya san ba za a kunna aikinsa ba, to, bango zai ƙawata, ya bar ciki yadda ya samu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu da muka yi karatu a zamanin ƙarancin kayan aiki ba mu san wannan rangwame ba. A lokacinmu kati ake hudawa, irin na kamfanin IBM mai gurabe 80, kowane kati layi ɗaya ne na manhajar, ka zauna gaban injin huda ka yi ta bugawa, in ka kuskure harafi guda ka yar da katin ka sake sabo. In ka gama ka ɗaure ƙunshin da roba, ka ja layi a karkace da alƙalami mai kauri a bisa doron katunan, domin in tsautsayi ya sa suka zube a ƙasa ka iya mai da kowanne muhallinsa, sa'an nan ka kai taga ka miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, wanda shi kaɗai ne da izinin kusantar na'urar a ɗakinta mai sanyi, ka tafi sai gobe. Goben ka zo ka tarar da doguwar takarda a naɗe da katunanka, sau da yawa ba kome a cikinta sai sanarwar ka yi kuskure a layin Fortran na bakwai. Wannan jira na yini guda shi ya koya mana bin manhaja da fensir layi layi, muna zama na'ura da kanmu, kafin mu yarda mu miƙa. Ba na cewa a koma can, Allah ya kiyaye. Ina dai cewa ko a can, ba a taɓa ba da maki a kan abin da ba a kunna ba. Bal ma tunanin a sa na'ura ta duba aikin ɗalibai daga wannan zamani ya faro, domin tun a 1960 wani malami mai suna Jack Hollingsworth, na Kwalejin Rensselaer a jihar Niyok ta Amurka, ya wallafa bayanin yadda yake sa kwamfuta ta gwada katunan ɗalibansa ta fitar da sakamako.

Wanda yake son ganin inda wannan tunani ya kai a yau, ya dubi darasin nan na Jami'ar Harvard da ake kira CS50, wanda David Malan yake jagoranta tun 2007, wanda kuma tun 2012 aka buɗe shi kyauta a intanet, har samarinmu da 'yan matanmu da dama suna binsa daga ɗakunansu. A can ɗalibi yana da umarni guda, check50, da zai buga na'ura ta gwada aikinsa ta nuna masa inda ya dace da inda ya kauce, ya gyara ya sake gwadawa iyakar son ransa, sa'an nan ya buga submit50 ya miƙa. Alherin wannan tsari a fili yake, kuma ni ina daga masu yaba shi. Na'ura ba ta san ɗan wane ba, ba ta gajiya a takarda ta ɗari biyu, ba ta ɓatar da aikin kowa a ƙarƙashin tebur, ba ta kuma sa ɗalibi ya jira ƙarshen zango kafin ya san ya yi kuskure a makon farko. A wurin da zargin son kai ya yi katutu tsakanin malamai da ɗalibai, alƙalin da ba shi da dangi ba ƙaramar ni'ima ba ce.

Sai dai wannan alƙali a kan zahiri kaɗai yake hukunci, zahirin ma ɗan abin da aka nuna masa. Yadda yake aiki shi ne, malami ya tanadi tambayoyi, a ce goma, da amsoshinsu; na'ura ta zuba wa manhajar ɗalibi kowace tambaya, ta gwama abin da ya fito da abin da aka ajiye, in sun yi daidai ta kunna kore. Ba ta san ko akwai tambaya ta goma sha ɗaya da za ta durƙusar da manhajar ba, balle ta san wanda ya rubuta. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi wannan gargaɗi tun wajen 1970, cewa gwaji yana iya tona kuskure amma ba ya iya tabbatar da babu shi, maganar da malaman usulu suka riga shi da ɗaruruwan shekaru a cikin ƙa'idarsu cewa rashin samun abu ba hujja ba ce a kan rashinsa. Magabata sun raba ilimi gida biyu, riwaya da diraya, wato ɗauko magana a isar da ita yadda take, da kuma fahimtar ma'anarta da illolinta da inda take aiki da inda ba ta yi. Koren layi goma na yaron nan shaidar riwaya ce tsantsa, kuma riwayar ma ba tasa ba ce.

Kada wani ya ce ai wannan damuwar makaranta ce kawai, a wajen aiki abin da ake so shi ne manhaja ta tashi. Ranar 4 ga Yuni, 1996, Turawa suka harba sabuwar rokarsu, Ariane 5, karo na farko, daga Kourou a Giyanar Faransa, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya, ba ta yi daƙiƙa arba'in cikakku a sama ba ta karkace ta tarwatse. Da aka yi tahƙiƙi sai aka tarar wani sashe na manhajar da ke lura da matsayinta an ɗauko shi ne daga yayarta, Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lami lafiya. Amma sabuwar ta fi tsohuwar gudu a kaikaice, sai wani adadi ya girma ya wuce 32,767, wanda shi ne iyakar abin da gurbin da aka tanadar masa yake iya ɗauka, kwamfutar ta tsaya, ta ajiyar ma ta tsaya, domin manhaja ɗaya ce a cikinsu. Abin takaicin ma, aikin da wannan sashe yake yi ba a bukatarsa bayan tashi. Waɗannan fa injiniyoyi ne ƙwararru, ba sata suka yi ba, kayansu ne suka ɗauka daga ɗaki zuwa ɗaki, illa iyaka ba a koma an binciki sharuɗɗan da aka gina shi a kansu ba. In haka ta faru ga masu kaya, ina ga wanda ya tsinci nasa a waya, gobe kuma a damƙa masa lissafin banki ko rajistar asibiti?

Malaman hadisi, Allah ya saka musu, sun yi wa wannan mas'ala filla-filla tun ba a yi mafarkin kwamfuta ba. Sun ƙidaya hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi, suka sa ji daga bakin malami da karantawa a gabansa a sahun gaba, suka sa wijada a can ƙarshe, wato mutum ya tsinci rubutu a littafin wani ba tare da ya ji daga gare shi ba. Ba su haramta amfani da tsintuwar ba, amma sun shar'anta wa mai ita ya ce na samu da rubutun wane, kada ya ce wane ya gaya mini. Wanda kuwa ya ɓoye inda ya samo don a zaci ya ji da kunnensa, suka kira aikinsa tadlisi. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so a rubuta a kan kowace takardar jinga. Babu mai rubuta manhaja a duniya da ba ya leƙa aikin wasu, kuma malamin da ya ce kada a leƙa ya umarci abin da shi kansa ba ya yi; abin da za a ce shi ne, in ka ɗauko, rubuta a saman wurin daga ina ka ɗauko, ka kuma shirya amsa tambaya a kansa.

Jami'o'in Amurka sun daɗe suna farautar masu tadlisi da na'ura. Tun 1994 Alex Aiken, yana Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a lokacin, ya ƙirƙiro MOSS, wadda take gwama aikin kowane ɗalibi da na sauran, ba ta kuma ruɗuwa da dabarun da yara suke taƙama da su, irin su sauya sunaye ko ƙara fili tsakanin layuka, domin ƙirar manhajar take dubawa. Duk da haka masu ita sun yi gargaɗi cewa kamanni kawai take nunawa, hukuncin an yi sata ko ba a yi ba na mutum ne. A Harvard ɗin ma, da duk kayan aikinsu, jaridar ɗaliban jami'ar ta ba da labarin cewa fiye da ɗalibai 60 na CS50 aka gurfanar gaban kwamitin ladabtarwa a kan zangon ƙarshen 2016. Wani abu da suka yi wanda ya burge ni shi ne ƙofar nadama da suka buɗe a 2014: ɗalibin da ya kwafa, galibi cikin firgicin daren rufewa, in ya kai kansa ga shugabannin darasin cikin awa 72, ana iya ba shi sifili a wannan aiki a bar maganar nan, ba a kai shi gaba ba, sai fa in ya maimaita. Mu da muka tashi da sanin falalar tuba, bai kamata a ce wasu sun riga mu sa ta cikin dokar aji ba.

Yanzu kuwa kiɗa ya sake sauyawa. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, ita da ire-irenta, ɗalibi ba ya bukatar aboki mai ƙoƙari. Ya liƙa tambayar, a rubuto masa amsa cikin ƙiftawar ido, ta wannan ta ɗan bambanta da ta wancan, na'urar gwama aiki ta rasa wa za ta kama da wa. Mai jiran a ƙera wata na'urar da za ta kama wannan, ya shirya dogon jira, domin tsere ne tsakanin mai gina katanga da mai saƙa tsani.

Maganin, a ganina, yana cikin abin da muka gada muka raina. A tsangaya gardi yana rubuta allonsa da ka, amma ba ya wankewa don kawai ya cika shi; sai ya kai zaman darasu, ya karanta gaban alaramma, a tsai da shi a kan wasali guda, a tambaye shi, a gyara masa, sa'an nan a ba shi izinin wucewa. Haka nake so a yi wa jinga. Bayan na'ura ta gama nata, a kira ɗalibi ya zauna gaban aikinsa na minti biyar, a ɗora yatsa a kan layi guda a ce me wannan yake yi, sa'an nan a ce sauya shi ya jera daga ƙasa zuwa sama, muna kallo. Wanda ya rubuta da hannunsa zai yi murmushi ya juya alama guda; wanda ya yi aro kuwa, kayan aro ba ya rufe katara. Kuma a nan ba ruwan malami da ko aboki ne ya taimaka, ko littafi, ko na'ura mai amsa tambaya, muddin ilimin ya shiga ƙirji.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, kuma uzurinsu karɓaɓɓe ne, domin na ga ajin da ɗalibai suke zaune har bisa taga: mutum ɗaya, ɗalibai ɗari huɗu, ga wasu darussa uku, ga albashin da ba ya kai wata. To, mu yi lissafi. Ɗari huɗu sau minti biyar minti dubu biyu ne, wato awa talatin da uku da 'yan kai, abin da ya fi ƙarfin mutum guda la shakka. Amma wa ya ce sai an ji kowa a kowace jinga? In jinga biyar ce a zango, a jefa ƙuri'a a kira mutum tamanin a kowacce, kada kuma a cire sunan wanda aka riga aka kira, don kada ya saki jiki. A raba tamanin ɗin ga mataimaka huɗu daga masu karatun digiri na biyu ko haziƙan 'yan ajin ƙarshe, kowannensu bai cika awa biyu ba ya gama. CS50 ɗin da ake yabo, da rundunar mataimaka take tafiya, da yawansu ɗalibai ne da suka riga suka ci darasin. Tsangaya ma haka take, gardi ne yake biya wa kolo da titibiri, alaramma yana sa ido. Abin da ake bukata shi ne hukumar jami'a ta san wannan aiki ne, ta ba masu yinsa ɗan hasafi, ta kuma sa a yi shi a buɗaɗɗen ɗaki, mutum biyu suna saurare, domin kada maganin zargi ya haifi wani zargin.

Saura maganar wa'adi, wadda ita ta kai yaron nan ga durƙusa mini da tsakar dare. An zaɓi 11:59 na dare ne a matsayin lokacin rufewa don gudun shubuhar sha biyun dare, ko ta yau ce ko ta gobe, kuma hikima ce a garin da wuta ba ta ƙiftawa. A namu garin kuwa, agogon da ba ya karɓar uzuri yakan hukunta mai rashin janareto ne a madadin malalaci. Darussa da yawa a jami'o'in Amurka suna ba kowane ɗalibi 'yan kwanaki na jinkiri a zango, ya kashe su a ranar da ya ga dama ba tare da ya kawo takardar likita ko ya yi rantsuwa ba, in sun ƙare sun ƙare. Shari'ar da ta yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru ba za ta ga aibin wannan ba. A haɗa da koya wa ɗalibai Git tun shekarar farko, wato manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005, wadda take ajiye tarihin aiki mataki mataki, kowane gyara da ranarsa da sa'arsa, kuma ajiyewar ba ta bukatar intanet, sai turawa. Ana iya yi wa kwanan watan cikinta ƙarya, ba na musu, amma ƙirƙiro tarihin mako biyu na kuskure da gyara ya fi yin aikin wahala. Malamin da ya buɗe ya ga an taka ashirin a hankali, ya buɗe wani ya ga layi ɗari uku sun sauko gaba ɗaya saura minti goma a rufe, ya san wanda zai fara kira.

Bayan kwana uku da wancan hantsi, ina alwalar magariba, yaron ya zo ya tsaya a gefe har na idar, sa'an nan ya buɗe kwamfutar ya nuna mini layi biyu a saman sashen nan, ya ce, "Kawu, ga abin da ke tsai da shi: in jerin ya rage suna ɗaya, ko ba kowa, ba abin da za a raba, sai ya dawo." Ya ce ya goge layukan ya gwada, manhajar ta yi ta kiran kanta har ta faɗi. Na ce madalla, to, in ɗalibai biyu suka yi maki ɗaya fa, wa take sawa a gaba, kuma don me? Ya buɗe baki zai amsa, ya fasa, ya ce gwajin malam bai tambayi wannan ba. Aka tayar da iƙama a masallacin ƙofar gida, ya rufe kwamfutar ya ajiye bisa tabarma, ya ce zai duba bayan isha'i in ba a ɗauke wuta ba.